Ƙwayoyi a Cikin Hula

Ya duƙa zai gaida sarkin 'yan dako ke nan, hularsa ta faɗi, jajayen ƙwayoyi suka watse a bakin sito, nan tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Irin na ƙarin ƙarfin nan ne da ake sayarwa a kemis.

Ban san shi ba, daga teburina na goro nake kallonsa. Dogo ne, wuya duk jijiyoyi, ya aske gemu ƙwal don kada furfura ta tona shekarunsa. Ina jin manomi ne daga wajen Kucheri da rashin ruwan bana ya koro. Yau ake zaɓen masu sauke buhunan gishiri, kuma sarkin ba ya ɗaukar wanda ƙarfinsa na saye ne.

Yana tsince su ɗaya-ɗaya, yana hure ƙasa, ba ya kallon kowa. Wani zakara ya riga shi guda biyu.

Na ce, "Baba, a ɗauki zakaran nan a madadinka mana."

Ya mayar da hula, ya saɓa buhu, sannan ya juyo.

"Shi biyu ya haɗiye ya miƙe. Kai da ke zaune tun safe, kwalba nawa za ta tashe ka?"