Rabin Tano a Tudun Gidimuni

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye aka ɗauke Baba daga aikinsa a asibitin Damagaram aka kai shi Gidimuni, muka bi shi. Ni ce babba. Ƙanena kuwa shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana rarrafe, saboda haka bayana ne ƙafarsa. Lakwal, wato makarantar boko, majami'a, bakin tafki, duk a goye nake kai shi. Ina mita, ina ce masa ya cika nauyi, amma in wani ya ce zai karɓe ni sai na harare shi. A gidan da kowa ke lissafin loma, wannan ne abin da ya sa ake kiran sunana.

Sai ga wata Baturiya da ke raba wa yara madara tare da Baba. Ta ce a ƙasarsu akwai duwatsu masu ƙanƙara, mutane kan ɗaura katako a ƙafa su sulalo, guragu kuma a zaune suke yi cikin wata kujera, kuma ita da kanta ta taɓa koya musu. Muka yi dariya. Ƙanƙara a garin da tafki ke ja da baya kullum!

Ashe da gaske take. Ta sa maƙeri ya tsaga tano, gangar ƙarfen nan ta zuba mai, gida biyu, ya lanƙwashe bakin, aka shimfiɗa buhu a ciki. Fari ya riga ya aske tudun yashin da ke bayan gari, ko ƙarangiya babu. Duk Lahadi bayan sujada sai ta tara guragun yaran garin, ta ba kowa guntayen sanduna biyu na juya akala da tsayawa.

Mu masu ƙafa fa? Aikinmu jan igiya. Su sulalo suna ihu, mu jawo tano sama muna haki, ciki ba komai sai kunu. Wallahi haushi ya kusa kashe ni. Yaron da ba ya isa bakin ƙofa sai da ni, ga shi yana wuce ni kamar iska, ko waiwaye babu. Hannayen da ya saba jan jiki da su sun yi ƙarfi, sanda ɗaya zai dasa tanon ya karkata inda yake so. Har tafi ake yi masa, ni ko sannu.

Wata Lahadi na yar da igiyar na ce yau ko ni ko tanon nan, ni ma sai na hau. Baturiyar ta kalli ƙanena, kamar shi ne mai izini. Wannan ma ya ƙara ƙona min rai.

Ya ce, "Yaya, ki naɗe ƙafafunki ciki. Kome ya faru, kada ki fito da su."

Na ce, "Kai za ka koya min zama?"

Da farko daɗi, iska tana cika min baki. Da gudu ya yi gudu sai tsoro ya kama ni, na manta da sanduna, na yi abin da duk mai ƙafa zai yi: na zuro ƙafa na taka yashi don in tsaya. Tano ya yi gabas, na yi yamma, na yi ta mirginawa har gindin tudu. Na tashi da yashi a hanci da targaɗe a idon sawu. Yaran nan suka yi dariya har da faɗuwa. Babu ɗayansu da ya taɓa kifewa haka, don ba su da abin zurowa.

Ƙanena bai yi dariya ba. Ya sulalo ya tsaya daidai gabana, ya kama sawuna yana murzawa da tafin nan nasa mai kanta. Na so ya yi min tsiya in samu abin faɗa, ya ƙi.

Da aka tashi na durƙusa ya hau, sawun ya ƙi ɗaukarmu. Sai ya kira abokansa biyu masu jan igiya, suka ja shi a tano har ƙofar gida, ina ɗingishi a bayansu. A zaure ya juyo, fuskarsa cike da tausayi.

Ya ce, "Kin ga ma sun iya. Daga yau ba sai kin zo ba, Yaya. Ki huta."