Ranar da Na Zura Alawar Cakulan a Rijiya

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo su. Amma wata Asabar da na zura alawar cakulan a rijiyar gidanmu, wannan kam ba za ta bar kaina ba har ranar da Ubangiji zai kira ni.

Wajajen shekarar casa'in ne, muna zaune a Kafanchan, a wani gidan haya bayan tashar jirgin ƙasa inda maigidana yake aiki. Yaranmu uku. Biyu suna firamare, sai autar da ba ta cika shekara huɗu ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Mamana nake ce mata. Yarinya ce mai ɗan karen wayo, tana da halaye biyu da kowa a gidan ya sani. In ka kama ta tana ɓarna, ba ta tsayawa jin faɗa, zabura take yi ta gudu ta inda fuskarta ta kalla. In kuma ta ji kukan jirgi, ko me take yi sai ta yi tsalle tana ihun “Babana! Babana!” domin a ganinta duk jirgin da ya shigo gari babanta ne ya kawo shi.

A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata da yamma, domin ban yi boko da ƙuruciya ba. Malamarmu daga Gidan Waya take zuwa. Da ta lura in ta ba mu labarin kare da kaza gyangyaɗi muke yi, sai ta koma rubuta mana yadda ake girke-girke a allo, mu karanta, mu kwafa. Wata rana ta rubuta yadda ake alawar cakulan wadda ba a gasawa. Na kwafe ta baƙi bayan baƙi, na dawo gida na karanta da kaina ba wanda ya taya ni. Wanda aka sa makaranta tun yana ƙarami ba zai gane daɗin da na ji ba. Na ce a raina, bikin Istar bana sai yarana sun ci abin da uwarsu ta karanto a takarda.

Abin ba wuya. Gwangwanin madara mai kauri mai zaƙi, garin cakulan irin na shayi, bota cokali biyu, ɗan gishiri, da soyayyar gyaɗa ga mai so. Ranar Asabar ɗin, manyan yaran sun tafi koyon waƙa a coci, babansu yana wurin aiki, na kunna risho na rage wutar sosai. Na narkar da botar, na juye madarar, na riƙa barbaɗa garin ina juyawa. Mamana tana tsugune a gefena, ta ɗora haɓa a gwiwata.

“Mama, ya yi?”

“Bai yi ba.”

“Yanzu fa?”

“Sai ya fara barin jikin tukunya.”

Da ya yi kauri yana sheƙi, na zuba dakakkiyar gyaɗa, na juye a langa da na shafa wa mai, na danne da bayan cokali. Ƙanshi ya cika ɗakin girki. Na ba ta cokalin ta lashe, ta lashe shi har da mariƙin.

Layin ƙarshe na takardar ne ya tsayar da ni. Cewa ya yi a sa a firij awa uku kafin a yanka. Mu ba mu da firij. Mai kemis ɗin bakin titi yana da shi, amma kwana biyu ke nan ba wuta. Ga zafin bazara, irin wanda ko a inuwa kake zufa tana bin bayanka. Na ajiye langar a taga, bayan rabin awa na taɓa, yana nan kamar kunu mai kauri. Sai na tuna yadda maigidana yake zura kwalaben lemo a rijiya in za mu yi baƙi, su fito da sanyi kamar daga kanti. Har murmushi na yi, ina ganin na yi dabara.

Rijiyarmu tana tsakar gida kusa da bishiyar gwaiba. Bakinta na siminti ne, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, da murfin kwano da muke dannewa da dutse. A wannan lokaci na shekara ruwa ya ja ƙasa sosai, in ka leƙa sai ka ga ɗan haske can kamar kwabo. Na rufe langar, na ɗaure ta da tsumma, na sa ta a bokitin ƙarfe, na zura a hankali har gindin bokitin ya zauna a kan ruwa, sannan na ɗaure igiyar a jikin gwaiba. Saboda igiyar, murfin bai zauna daidai ba. Na ja shi ya rufe rabi, ban mayar da dutsen ba. Duk abin nan Mamana tana tsaye riƙe da zanena tana kallo.

“Mama, alawa ta tafi?”

“Tana nan, sanyi take sha. Kada in ga ƙafarki a nan, kin ji ko?”

Ta gyaɗa kai. Na yi mata wanka, na kwantar da ita a tabarma, na yi ta shafa bayanta har numfashinta ya daidaita. Sannan na ja ƙofa na shiga gidan maƙwabciyata, wadda ta yi mini alkawarin kitson Ista. Hajiya muke ce mata. Ta girme ni, iyayenta da kakanninta duk 'yan kasuwar garin ne, ita ma tuwon madara da alawar gyaɗa take yi tana sarar wa masu tebur. Tana tsaga mini kai tana tsokanata.

“Wato Maman yara, daga koyon a da ba, har kin fara shirin ƙwace mini kasuwa?”

“Haba Hajiya, ni a wa? Gwaji ne kawai.”

“Alawar da sai an kai ta rijiya ta yi wanka! Mu tamu a faranti take bushewa. Wallahi yau sai na ɗanɗana wannan abin Turawa.”

Muna dariya, an yi rabin kai. Ba zan ce na ji wani motsi ba, domin ban ji komai ba. Shirun ne ma ya dame ni. Na ce mata bari in leƙa yarinya. Ta ce mu je tare ta ga alawar, ta biyo ni da matsefi a hannu.

Ina tura ƙofar gida na ga Mamana.

Ta ture murfin gefe. Tana kwance rub da ciki a kan bakin rijiya, kanta da kafaɗunta duk suna ciki, ƙafa ɗaya a sama, ɗayar kuwa 'yan yatsun ne kawai suke taɓa ƙasa. Ta naɗe igiyar a wuyan hannunta yadda take ganin muna yi in muna jan ruwa. Igiyar ta miƙe ƙam. Daga gani na san bokitin ya karkace ya ɗebi ruwa, yanzu ba ita take jan sa ba, shi yake jan ta. Ina jin ɗan nishinta yana fitowa daga cikin rijiyar.

Na ji Hajiya ta ja numfashi za ta kurma ihu. Ban san lokacin da na toshe mata baki da tafin hannuna ba, mace da ta girme ni, wadda ko hannu ban taɓa ɗora mata a kafaɗa ba. Na san 'yata. In ta ji an kama ta, zabura za ta yi ta inda fuskarta ta kalla, fuskarta kuwa ruwa take kallo. Ko gudu na yi, ƙarar takalmina ta isa. Daga ƙofa zuwa rijiya bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa ganin hanya mai nisa irin wannan ba.

Na zame silifas ɗina. Mutane sun sha ce mini maganata ba ta fita, a kasuwa sai na maimaita sau biyu kafin a ji ni. Ran nan da wannan muryar na yi magana, kamar na shigo ne na tarar da ita tana wasan 'yar tsana.

“Mamana, sannu da aiki.”

Jikinta ya ɗan motsa.

“Taya ni kike yi? Kin kyauta. Riƙe nan, kada ki motsa, ga ni nan zuwa mu ja tare.”

Daga cikin rijiyar muryarta ta fito siririya. “Mama, da nauyi.”

“Na sani. Ke ai mai ƙarfi ce. Tsaya yadda kike.”

“Ba za ki dake ni ba?”

“In dake ki a kan me? Ke za ki fara ci ma. Babban yanka zan ba ki.”

Ina magana ina taku, ƙasa tana ƙona tafin ƙafata ban ji ba. A cikina kuwa ba abin da nake faɗa sai “Yesu, Yesu, Yesu,” ban iya haɗa wata addu'a da ta fi wannan ba. A bayana ina jin Hajiya tana salati ƙasa-ƙasa, ita ma ta cire takalmi tana bin sawuna. Na wuce turmi. Na wuce igiyar shanya. Ina ganin yatsun ƙafarta suna jan ƙasa kaɗan-kaɗan, suna barin ɗan layi a cikin rairayi.

“Mama, hannuna yana ciwo.”

“Saura kaɗan, uwata. Saura kaɗan.”

Saura taku huɗu ko biyar, sai jirgin yamma ya yi kuka daga tasha.

Ta ɗago kai da ƙarfi, ta ce “Baba...” Ƙafar da take ƙasa ta tashi. Na ga cikinta ya zame a kan simintin.

Ban san yadda na ci sauran takun ba. Na dai san na kai hannu na kama rigarta, rigar ta yage ta bar ni da tsumma, ɗaya hannun kuma ya cafki idon sawunta. Ƙirjina ya bugu da bakin rijiya, ni ma kaina ya shiga ciki. Tana reto kai a ƙasa, bokitin yana jan hannunta, ni ina jan ƙafarta, ta fasa wata ƙara da har yau nake ji a kunnena. Ƙafar tata kuma da santsi, domin ni da kaina na shafa mata mai bayan wanka. Ina ji tana sulɓewa daga yatsuna.

Hajiya ce ta rungumo ƙuguna ta baya, ta zauna daɓas a ƙasa da duk nauyinta, tana ihu, “Kada ki saki! Maman yara, don girman Allah kada ki saki!” Na kai hannu na biyu na kama ƙwaurinta. Sai igiyar ta warware daga hannun yarinyar da kanta, fuu, bokitin ya koma ya bugi ruwa. Nauyin ya tafi gaba ɗaya. Mu uku muka zube a ƙasa, yarinyar a kan ƙirjina.

Igiyar ta saɓule mata fatar wuyan hannu, jini yana tsattsafowa, goshinta ya kumbura. Na yi ta laluba jikinta, hannu, ƙafa, haƙarƙari, ina juya ta kamar wadda aka haifa yanzu. Hajiya tana zaune ɗankwali a ƙasa, tana kuka tana faɗa a haɗe.

“Ke wace irin yarinya ce? So kike ki kashe uwarki? Zo nan, ja'ira, zo in ga hannun.”

Mamana ta dube ni da hawaye shaɓe-shaɓe ta ce, “Mama, alawa ta faɗi.”

Na so in tashi in kai ta kemis, na kasa. Hajiya ce ta goya ta ta kai, ni ina zaune a gindin gwaiba da rabin kitso.

Da maigidana ya dawo na faɗa masa komai, ban rage ba. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya je ya tsaya a bakin rijiyar ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya dawo ya ɗauki yarinyar ya zauna da ita a cinya, bai ci tuwonsa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “A gabanta kika sa?” Na ce e. Washegari bayan an taso daga coci ya kawo kafinta, aka yi wa rijiyar murfin katako mai kwaɗo. Langar kuwa ta buɗe a ciki, sai da aka yashe rijiyar, kwana uku muna ɗibar ruwa a gidan Hajiya.

Na daɗe ina cewa a raina ai na gargaɗe ta, ai ta gyaɗa kai, ai na bar ta tana barci. Daga baya na daina yaudarar kaina. Shekara kusan huɗu yarinyar nan tana wasa a tsakar gidan, ba ta taɓa kula rijiyar ba, domin ba abin da take so a cikinta. Ni na ɗanɗana mata zaƙi a cokali, ni na ɗauki sauran na zura a ramin da ya fi kowane haɗari a gidan tana kallo, sannan na ce kada ta je. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa kowace uwa da ta zauna kusa da ni: ƙaramin yaro ba ya riƙe kashedin da kika yi masa, inda kika ajiye abin da ransa yake so yake riƙewa. Kafin ki ɓoye wani abu a gaban ɗanki, ki dubi wurin da kyau, domin kin riga kin aike shi can.