Duwatsun Yaya Sule Uku

Duk wanda ya san yayana Sule ya san manjagararsa. Da an idar da sallar asuba, tun bai kurɓi koko ba, zai hau jan layi a kan yashin tsakar gida, a hankali kamar mai taje wa amarya kai. Wai lambu yake shiryawa. Lambun da ba albasa, ba tattasai, ko yakuwa ɗaya babu!

Tun yana malamin gona aka tura shi Japan kwas ɗin noman shinkafa. Abokan tafiya suka dawo da rediyo da agogo, shi ya dawo da takarda a ninke cikin hula: zanen lambu irin nasu, na yashi da duwatsu. Shekara talatin yana gyara zanen nan, in ka tambaya sai ya ce, "Ba a gama ba tukuna."

To, yashi dai Haɗeja ba ta rasa ba, dutse ne babu. Sai da ya je har Birnin Kudu ya kwana biyu yana zaɓe, ya lodo guda uku a motar 'yan kifi. Matarsa, Yaya Habi, tana ganinsu ta rangaɗa guɗa.

"Allah ya saka da alheri, Malam! Yau na huta da murhun laka."

"Murhu? Habi, tsaunuka ne."

"Yashin fa?"

"Teku."

Ta juyo ta dube ni. "Talatu, a danginku ne, ko can aka ba shi wani abu ya sha?"

Daga ranar aka ja daga a kan duwatsun nan. Ita tana ganin murhu, shi yana ganin tsauni. Lokacin bikin 'yarsu ta faki idonsa ya tafi kasuwar Kafin Hausa, ta girka tukunyar tuwo a kansu. Ya dawo ya tarar sun yi baƙi ƙirin. Ya rantse ba zai ci tuwon da aka tuƙa a kan tsauni ba. Bayan la'asar na iske shi a zaure da malmala ta biyu. Ya ce, "Rantsuwar ta farko ce, ba ta biyu ba."

Wata mata kuma ta zo takanas daga Miga, an ce mata akwai mai bugun ƙasa a unguwarmu, ga akuyarta ta ɓata. Ta iske Yaya Sule yana jan layinsa, ta roƙe shi ya duba mata.

"Baiwar Allah, ni ba na duba."

"To me kake gani a yashin?"

"Ba komai. Amfaninsa ke nan."

Ta fita tana girgiza kai, wai wannan malamin ya yi nisa.

Shekarar da kogi ya shigo mana gari, muna ta kwashe buhunan shinkafa, ruwa iya gwiwa, shi kuwa ya riƙe ƙugu a tsakar gida. Komai ya nutse sai kawunan duwatsun nan uku.

"Habi, zo ki gani! Haka zanen yake nufi!"

"Malam, in ba ka ɗauki buhu ba, wallahi yau a tekun taka za ka kwana."

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya kira ta a gabana. "Habi, na hana ki murhu shekara talatin. Ranar sadakata ki ɗora tukunyarki a kan duwatsun, na yafe."

Ta ce, "Sai yanzu? Ka ci tuwonsu dai tukuna."

Bai ci ba, Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku mata suka cika gida, ana neman inda za a girka babbar tukunya. Na ce ai mai su ya ba da izini, na sa hannu zan mirgino na farko. Yaya Habi ta riƙe ni.

"Talatu, ku haƙa rami ku yi murhu."

"Yaya, ai naki ne yanzu."

"Na sani. Ku bar masa tsaunukansa. Ba a gama ba tukuna."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya yafe masa rantsuwar tuwo da sauran kurakuransa, ya sa shi a lambun da aka riga aka gama. Ita kuma Allah ya ba ta haƙuri. Amin.