Bokitin Takin da Na Ɓoye a Bayan Tumatirin Madam

Lokacin da nake aiki a wata masaƙa a Bompai, gidan haya muke zaune a Hotoro, tsakar gidan duk siminti. Rediyo kuwa kullum sai ta ce kowa ya noma abin da zai ci. Ni da na tashi da fartanya a hannu, abin ya tsaya mini a rai. Na samo tsofaffin gwangwanayen fenti guda shida, na huda gindinsu, na cika da ƙasa, na dasa tumatir.

Maƙwabciyata 'yar Filato ce, tana dafa abinci a kantin wani kamfanin alewa. Madam muke ce mata. Ita ma a gwangwani take shuka, amma nata tumatirin kore shar, nawa kuwa rawaya kamar mai ciwon shawara.

"Madam, wai me kike ba su ne?"

"Waƙa nake yi musu, Malam. Kai ma gwada."

Ranar hutuna na laɓe a bayan labule. Sai ga ta ta buɗe wani bokiti mai murfi tana zuba ɓawon ayaba da na ƙwai, toka, ɗan kashin kaji, ta bi da ruwan wankin shinkafa. Na ce a raina, ashe wannan ce waƙar. To, sai na fi ta.

Na hau keke har Challawa wajen wani abokina da ke aikin jima, ya cika mini leda da gashi da tarkacen da ake kankarewa daga fata. Na haɗa da kashin tantabaru, na cika bokiti da ruwa, na rufe. Kwana huɗu, gidan ya ƙi zaunuwa saboda wari. Matata ta ce ko dai ita ko bokitin.

Da na ji muryar Alhaji mai gidan a zaure, na yi wuf na tsiyaya wa shukata rabin ruwan, tsura, sauran na tura shi bayan gwangwanayen Madam.

Alhaji ya shigo da bakin rawani a hanci. "Me ya mutu a gidan nan?"

"Wallahi Alhaji, mu ma abin ya dame mu. Ko za ku duba ta can?" Na nuna da haɓa.

Ya gano bokitin, ya yi ta faɗa. Madam ta dubi bokitin, ta dube ni. Bokitin kuwa shuɗi ne, duk gidan an san da shi nake wanka. Amma cewa ta yi, "Ku yi haƙuri, Baba, zan gyara." Ta zuba toka a kai, ta ɗaure bakinsa da buhu, ta kai bayan gida.

Kafin mako ya zagayo, tumatirina duk shida sun ƙone ƙurmus. Nata kuwa, bayan wata guda, suka fara 'ya'ya har sai da ta kafa musu sanduna.

Wata Lahadi ta dawo daga coci, ta miƙo mini tumatir cike da kwano.

"Takinka ne, Malam. Da kyau sosai. Sai dai ana barinsa ya huce sati uku, kuma gwangwanin madara ɗaya ake sa wa bokitin ruwa. Kai ka ba su kamar fura."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Ban gaya wa Baba ba, kuma ba zan gaya masa ba. Amma duk wata za ka je Challawa ka kawo mana."

Shekara biyu na yi ina wannan jigilar tarkacen fata a kekena. Mun ci tumatir, mun ci attarugu da alayyafo. A masaƙa kuwa, ko rumfar kekuna ta cika maƙil, sai ka tarar an bar wa kekena fili dama da hagu.