Ashe Ba Fitsarin Gizo-gizo Ba Ne

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu huluna a hannuna, ku yafe mini, wallahi ba wulaƙanci ba ne. Idona na hagu na kusa rasawa.

Duk wanda ya san ni a Daura ya san da ɗinkin hula nake ci, kuma ya san ina masifar tsoron gizo-gizo. Kunama na sha kashewa da takalmi. Amma gizo-gizo, ko ɗan mitsitsi ne, sai dai in bar masa ɗakin.

Wata Talata da safe na shiga ɗan lambuna na bayan gida tsinkar yakuwa. Ina sunkuyawa ƙarƙashin rumfar kabewa sai yanar gizo-gizo ta manne mini a fuska, ga wani ƙato mai ratsin rawaya yana lilo daidai hancina. Na watsar da kwano, na fito a guje ba takalmi.

Washegari goshina ta gefen hagu ya fara raɗaɗi kamar an goga barkono. Kwana biyu sai ga ƙuraje masu ruwa, daga goshi har fatar ido, gefe ɗaya tak.

Inna, uwar mijina, ta ɗaga haɓata ta duba. "Fitsarin gizo-gizo ne, 'yar nan. Kwaɓa lalle da toka ki shafa, kwana uku ya bushe."

Ni kuwa me zai hana in yarda? Ai da idona na ga mai laifin.

Maimakon asibiti, yaƙi na buɗe. Na zuba fiya-fiya, maganin ƙwari, a kowane lungu. Na kakkaɓe rufin ɗaki da doguwar tsintsiya ina ihu. Na tasa Abban Safiya, maigidana, a gaba sai da ya sare rumfar kabewar, ga 'ya'ya sun fara girma.

Ƙurji ya fito a kan hancina. Idon ya yi jawur, hawaye ba tsayawa, haske kuwa kamar ana soka mini tsinke. Na ƙara da rambaɗa kwalli, wai ya wanke shi.

Rana ta shida na ɗauki allura zan zura zare, na kasa ganin kafar. Na rufe idon dama na dubi Safiya, 'yata. Ga tsayinta, ga jar rigarta, amma babu fuska.

Gabana ya faɗi. Innalillahi, da me zan yi ɗinki?

A ranar Maman Chidi ta shigo sayen zogale, maƙwabciyarmu ce, mijinta na sayar da kayan gyaran babur. Tana ganina ta dafe ƙirji.

"Maman Safiya, wannan ba na gida ba ne. Yayata ta yi irinsa a can garinmu, idonta bai dawo ba. Tashi ki sa hijabi."

Na fara ba ta labarin gizo-gizo. Ta ce, "Ki faɗa wa likita." Ita ta tare mana mai adaidaita.

A asibiti aka yanki kati, muka bi layi, aka ɗebi jini. Likita ya sa aka goge lallen, ya daɗe yana kallon hancina.

"Malama, kin taɓa yin ƙarambau?"

"Tun ina yarinya."

"To ita ce. Ƙwayar cutar ba ta barin jiki, kwanciya take a jijiya, wata rana ta farka. Babu ruwan gizo-gizo. Yau kwana nawa?"

"Shida."

Ya ajiye biro. "Cikin kwana ukun farko maganin ya fi ci. Ku wuce asibitin ido a Katsina yau. Ban ce gobe ba."

Daga Daura har Katsina hannuna na kan ido, ina ta salati, Abban Safiya na cewa, "In sha Allahu ba komai."

A can aka ɗiga mini wani ruwa mai rawaya, na ɗora haɓa a kan na'ura, aka haska shuɗin haske. Likitar idon ta ce, "Ya taɓa baƙin idon. Za mu yi iya yinmu, amma ba zan yi miki alkawari ba."

Ƙwaya sau biyar a rana, ga na ɗigawa, ga na shafawa. Magani da tsada, tunkiyata ta tafi kasuwa. Duk mako muna hanyar Katsina, a rufe mini idon dama a ce in karanta allo. Makon farko ko babban harafin sama ban gani ba. A mota na yi kuka sosai.

Inna ta daina cin abinci. Ta ce, "Ni na ce ki shafa lalle." Na ce, "Inna, haka duk muka tashi muka ji. Ko ba ki faɗa ba, ni na riga na yanke wa gizo-gizo hukunci."

A hankali na riƙa sauka layi ɗaya, layi biyu a allon. Har yau goshin yana tsira mini, kuma akwai ɗan tabo a idon.

Jiya da safe na koma lambun, karon farko. Tsakanin zogale da katanga wani gizo-gizo ya yi sabuwar saƙa. Na juya zan gudu, sai na tsaya. Na rufe idon dama.

Na ga zaren. Ɗaya bayan ɗaya, har da raɓar da ke jikinsa.

Na tsuguna nan na yi ta kuka. Da na shiga ɗaki, na zura zare a allura a gwaji na biyu.

Alhamdulillahi. Maman Chidi, Allah Ya saka miki da alheri. Likitoci, Abban Safiya, Inna, na gode.

'Yan uwa, in kuka ga ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, balle a goshi ko kan hanci, ku tafi asibiti a ranar. Kada ku shafa komai, kada ku sa kwalli, kada ku jira ya bushe.

Har gobe ina tsoron gizo-gizo. Amma kwana shida na yi ina farautarsa da tsintsiya idona na mutuwa, shi kuwa ko taɓa ni bai yi ba.