Asabar ɗin da Inna ba ta ji muryarta ba

Gidanmu shi ne na ƙarshe a wani ɗan ƙauye da ke bayan duwatsun Roni. Da sanyi, in an idar da isha'i, kakarmu Inna takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take ce wa maigida, don haka kusa da gwiwarta nake zama. Sai ta gyara zane ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne."

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta bushiya. Wai a shekarar fari bushiya ta haƙa rijiya ita kaɗai, a lokacin jikinta sumul yake. Da ruwa ya fito, dabbobi suka yi layi, kowa ya ja guga ya sha ya wuce. Ita kuwa hannunta gajere, ba ta iya jan igiya, kunya kuma ta hana ta roƙo. Ta zauna a bakin rijiyarta har rana ta faɗi. "Tun daga ranar ta fito da ƙaya," in ji Inna. "Ba mugunta ba ce, ƙishirwa ce."

Wata shekara wani ma'aikacin gidan rediyo ya zo neman tsofaffi masu tatsuniya, aka nuno masa gidanmu. Ya ɗauki muryar Inna a kaset, ya ce za a sa ranar Asabar bayan la'asar.

Rediyo ɗaya ce a gidan, ta Baffa Idi, yayan babanmu. Shi ne ɗan farin Inna, ba ta ko kama sunansa, balle ta nemi wani abu a wurinsa. Ran Asabar ɗin ni ta aika in aro mata rediyon. Na same shi yana ɗaure rediyon a bayan keke zai tafi Kazaure. Na durƙusa na faɗi saƙo.

"Tatsuniya? Batir ɗin nawa zan ƙarar a kan ƙarya?" Ya hau keke. "Ka ce mata kafin la'asar na dawo."

Inna ta yi wanka, ta sa zanen da take zuwa suna da shi, ta shimfiɗa tabarma. Na ce mu je gidan mai unguwa, suna da rediyo. Ta ce a'a, ai ya ce zai dawo, kada a ce ta kunyata shi a gari. Bayan magariba Baffa ya shigo, rediyon na rataye a kafaɗarsa tana labarin farashin hatsi. Ya gaishe ta, ta amsa, ta naɗe tabarmarta.

Washegari mata suka riƙa shigowa, har da wata ƙanwarta daga Gwiwa, kowa na cewa mun ji ki. Inna ta yi ta murmushi. Da suka ragu ta jawo ƙanwar ta ce a hankali, "Muryar tawa yaya take a ciki?"

Wannan tambayar ce take ƙona min rai har yau. Tashar nan yanzu ina kama ta a mota in zan tafi aiki. Ina jin ta a kwamfutar ofis ta intanet. Ƙaramar wayar matata ma, da an soka abin sawa a kunne ta kama, ba ko data. Wani abokina da ke Legas a babbar wayarsa yake sauraron sanarwar garinsu. Ko'ina ka juya ga ta, kamar iska. Inna kuwa minti goma ta nema, ta rasu ba ta samu ba. Na je gidan rediyon neman kaset ɗin bayan na girma, aka ce na wancan zamanin ba su nan.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar bushiya gargaɗi ce ga mai kunyar roƙo. Yanzu na fi ganin laifin masu layi, da suka sha ba wanda ya waiwaya. Kuma ni ma ina cikinsu: ai da na ruga gidan mai unguwa na aro mata tasu.

Bara na je gida. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, rediyonsa ta mutu. Ya miƙo min wayar da ɗansa ya aiko masa, ya ce in sa masa tashar, kaɗaici ya dame shi. Na sa, na nuna masa inda zai danna. Sannan na kasa haƙuri, na ce, "Baffa, kun tuna Asabar ɗin da Inna ta jira rediyo?"

Ya kara wayar a kunne.

"Wace Asabar?" ya ce.