Nives Mai Yankan Siliki

Nives Cattaneo 'yar wani ƙauye ce a bakin tafkin Como, inda kusan kowace mace ke aiki a masaƙar siliki. Tana da shekara goma sha bakwai ta hau jirgin ƙasa zuwa Milan, ta sami aiki a gidan ɗinkin Ettore Brambati, wanda ke zana wa matan manya tufafi.

Ba a ba ta allura ba, don tafin hannunta na gumi, siliki kuwa ba ya yafe gumi. Shekara shida ta yi tana guga. A nan ta san halin yadi: wanda ke miƙewa in ya ji zafi, wanda ke tsukewa, da mai taurin kai. Da tsohuwar mai yankan gidan ta ajiye aiki, Nives ta ce a gwada ta. Ta sa farar safar hannu ta ɗauki almakashi, ba a sake mayar da ita guga ba.

Brambati ba ya son ƙyale-ƙyale. Launin tufafinsa ruwan toka ne da ruwan ƙasa, ba aiki a wuya, ba maɓalli a fili. A karkace ake yanka masa yadi, don riga ta bi jikin mace in tana tafiya. Zanensa kuwa layi uku ne ko huɗu, sai ya wurga wa Nives takardar.

"Maigida, ina hannu zai fita?" in ji Nives. "Ko matar da ka zana wannan shekarar ba ta da hammata?"

"Ke dai yanka, uwar iyayi."

Wata shekara silikin rigar da za ta rufe bikin nuna kaya ya makara, sai saura kwana biyu ya iso. Yadin da aka yanka a karkace kuwa sai ya yi kwana huɗu a rataye ya gama saki kafin a kalmashe bakinsa. Brambati ya ce a kalmashe haka nan. Nives ta ƙi.

"In na kalmashe yau, jibi gefe ɗaya zai zazzago. A ce Brambati ya tsufa, ba ya gani."

"Sunana ne a ƙofar nan, Nives!"

"To ga allura, sunan ya ɗinka."

Sauran matan suka sunkuyar da kai kan kekunansu. Shi kuwa ya buga ƙofa ya fita.

Ran bikin, yarinyar da za ta nuna rigar ta sa ta, ta tsaya a kan tebur. Nives ta durƙusa ta daidaita bakin da almakashi, ta bar shi haka, ba ɗinki. Rigar ta fita tana kaɗawa kamar hayaƙi. Jaridu suka ce Brambati ya zo da sabon salo, kafin shekara ta zagayo rabin telolin Milan sun daina kalmasa. Bai ambaci sunanta ba, ita ma ba ta nema ba. Ya dai aiko mata da kwalin kek, ta ci ɗaya ta ce sukari ya yi yawa, ta raba wa sauran matan.

Bayan rasuwarsa aka sayar da gidan. Sabon mai zane yana son ja da duwatsu masu walƙiya. Nives ta yanka abin da aka ba ta har shekara uku, ba yabo ba fallasa, sannan ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu, ta koma ƙauye wurin ƙanwarta Piera.

Nives ba ta yi aure ba. Tana noman wake a bayan gida, ran Lahadi ta je coci. Maƙwabta kan kawo mata wando ta rage tsawo. Takan murza yadin tsakanin yatsu, ta ce roba ce zalla, sannan ta ce a dawo ran Alhamis.